Gargaɗi ga masu kiwon kifi: akwatin "rage gudun famfo" da ake tallatawa damfara ne

Assalamu alaikum. Masu kifin ado a tankin gilashi, da 'yan uwa masu ƙyanƙyasar tarwada da ke amfani da ƙananan famfunan ruwa, a yi hattara da wani ƙaramin baƙin akwati da ake ta tallatawa a Facebook da zaurukan WhatsApp. Mai tallar yana cewa shi ya haɗa shi da hannunsa da allon Arduino, wato ƙaramin allon lantarki da ake ba umarni kamar 'yar kwamfuta, kuma wai kowane irin famfo ka jona masa, da ka murɗa maɓalli ruwan zai ragu ko ya ƙaru yadda kake so, kifi su huta, kuɗin wuta ya sauka. Lambar waya da sunan asusun suna sauyawa, amma bidiyon ɗaya ne, kalaman ma ɗaya ne. Kuɗin da yake nema ya isa mutum ya sayi sabon famfo mai kyau har ya karɓi canji.

Wani abokin kiwo da famfonsa ya ƙone ya kawo min nasa, muka sa sukundireba muka buɗe. Abin da ke ciki bai wuce dima irin ta rage hasken ƙwan lantarki ba: tirayak ɗaya (ɗan makunnin da ke guntule wuta), ɗan kafasita, da maɓallin murɗawa. A fuskar akwatin an saka ƙaramin gilashi mai jajayen lambobi, wanda ƙarfin wuta kawai yake nunawa, ba ruwansa da gudun famfo. Allon Arduino Nano kuwa yana nan, gaskiya ne, an manna shi da gam a gefe, ko waya ɗaya ba ta taɓa shi ba. Don ado aka sa shi, saboda wanda zai leƙa ta ramin iska ya hango shuɗin allo hankalinsa ya kwanta.

Ko da a ce mutumin ya yi aikin da zuciya ɗaya, abin da ya yi alkawari ba zai yiwu ba, kuma nan ne nake so a tsaya a fahimta, don gobe wani zai iya fitowa da farin akwati da sabon suna.

Yawancin famfunan da muke saye, irin su Sobo da Sunsun da Resun masu shiga soket kai tsaye, famfunan AC ne, wato masu aiki da irin wutar gida. In ka cire murfin gaba za ka ga farfela a jikin wani dunƙulen maganaɗisu. Wutar da ke shigowa tana kaiwa da komowa sau 50 a daƙiƙa ɗaya, shi ne 50Hz ɗin da aka rubuta a jikin famfon, kuma maganaɗisun nan yana bin wannan juyin ne sau da ƙafa. A yawancinsu hakan na nufin zagaye 3000 a minti. Ƙarfin wuta ba shi ke ƙayyade gudun ba. Duk wanda ya taɓa kunna famfo a kan ƙaramin janareto ya san haka ko bai san sunansa ba: da an ɗora wa injin dutsen guga ya nauyaya, sai ka ji muryar famfon ta canza tare da shi, domin juyin wutar ne ya ragu.

Ita dima ba ta taɓa wannan 50 ɗin. Aikinta shi ne ta guntule wani yanki na kowane zagayen wuta. To famfon zai ci gaba da ƙoƙarin yin 3000 ɗinsa da guntuwar wuta, yana gurnani, koyil, wato naɗaɗɗiyar wayar cikinsa, yana ɗaukar zafi. Ka ƙara murɗawa, farfela ta fara makyarkyata, daga nan ta tsaya cak alhali wuta na ci gaba da shiga. Wani lokaci a tsakanin nan za ka ga ruwan ya ɗan yi rauni ka zaci aiki ake yi. Ba aiki ba ne, famfon ne ke shan wahala.

Wani zai ce ai fankar sama tana rage gudu da regileta. E, tana yi, saboda injinta wani iri ne daban, babu dunƙulen maganaɗisu a cikinsa, don haka yana iya ja da baya in wuta ta ragu. Wannan kamannin shi ɗan damfarar ke cin kasuwa da shi, don kowa ya girma yana murɗa fanka daga lamba biyar zuwa ɗaya.

Bidiyon kansa akwai wayo a ciki, kuma na yaba wa wanda ya shirya shi, ko da yake ba yabon alheri ba. Kashi na farko famfon iska ake nunawa, mai fitar da kumfa. Shi wannan ba farfela gare shi ba, wata 'yar roba ce ke kaɗawa, kuma in wuta ta ragu kaɗawar tana raguwa, kumfa ta ragu. Shi ya sa wasu famfunan iska ke zuwa da maɓallinsu tun daga kamfani. Wannan ɓangaren gaskiya ne, da shi ake sayen amincewarka. Kashi na biyu kuma, inda ruwa ke sauka yana hawa a hankali, ku lura ba a taɓa nuna wayar famfon tun daga jikinsa har zuwa akwatin ba, kuma ba a nuna tiyon gaba ɗaya. Ko dai famfon DC ne, mai aiki da irin wutar batir, da nasa kwantirola a ɓoye, ko akwai hannu a kan bawul a inda kyamara ba ta kai ba.

Yadda cinikin ke tafiya kuwa tsohon salo ne. Ba ya yarda a biya bayan kaya sun iso. Zai ce "Alhaji, saura guda biyu, wani daga Abuja ma yana kira, in ka tura yanzu zan kai tasha kafin la'asar." Bayan alat ya shiga sai a nemi kuɗin mota daban. Wasu ko akwatin ba su gani ba. Waɗanda ya iso musu kuma, da famfo ya mutu suka koma masa, amsarsa ita ce famfonsu ne "bai dace ba", amma yana da wanda ya dace, a turo ciko. Akwai kuma matakin da yake tayin wakilci, ka biya kuɗin katan guda ka zama dilansa a garinku. In ka matsa da maganar mayar da kuɗi, ya yi bulokin ɗinka.

Asarar kuɗin ita ce ƙarama. Famfon da ya tsaya cikin dare ya tsayar da filta, kuma a cikin filtan nan ƙwayoyin bakteriyar da ke cinye amoniyar kashin kifi suke zaune. Su ma iska suke buƙata, in ruwa ya daina ratsa su na tsawon sa'o'i sai su fara mutuwa. Ga zafin ƙasarmu: ruwa mai zafin digiri 20 yana iya riƙe oksijin kusan miligiram 9 a lita, a digiri 30 kuwa wajen 7 da rabi ne kacal, alhali a zafin ne kifi ke ƙara buƙatarsa. A watan Afrilu, tankin da ya cika da kifi ba ya jure dare ɗaya haka. Da asuba za ka tarar da su a sama suna haki. 'Ya'yan tarwada 'yan kwanaki ba ma sa kaiwa asubar.

Sai babban abin da ya sa na zauna rubuta wannan. Akwatin da muka buɗe ba fis, ba wayar ƙasa, haɗin wayoyin da salatif aka naɗe, ga ramuka a buɗe, kuma ana cewa a ajiye shi kusa da tanki inda ruwa ke fantsama. Wuta mai bolt 230 ce a ciki. Famfon da ya sha zafi kuma, robar da ta rufe koyil ɗinsa tana iya tsagewa wuta ta shiga ruwan. A yawancin gidaje yara ne ke zuba wa kifi abinci, su ne ke tsoma hannu.

In matsalarka ruwa ya yi wa kifi ƙarfi, maganin yana da araha ƙwarai. Duba jikin famfon tukuna, da yawa suna da ɗan makulli na rage ruwa. In babu, sa bawul a tiyon da ruwa ke FITA. Kada a taɓa shaƙe wajen shiga, nan ne ake lalata farfela. Rage mafita bai cutar da irin wannan famfon muddin ba a rufe ruf ba. Ko ka sa mahaɗa mai baki uku, wani ruwan ya koma tanki ta gefe. Ko kuma ka juya bakin tiyon ya fuskanci gilashi, ƙarfin ya karye.

Wanda kuma yake son abin da ake murɗawa da gaske, ya sayi famfon DC. Zai ga an rubuta 12V ko 24V, yana zuwa da adafta, manyansu irin Jebao DCP suna zuwa da kwantirolansu a cikin kwali. Masu sola ma sun fi morar su. Matasanmu masu son haɗe-haɗe da Arduino ba na kashe muku gwiwa ba, abin koyo ne mai kyau, tun 2005 da aka ƙirƙiro shi a garin Ivrea na Italiya don ɗalibai aka yi shi. Amma ku riƙe iyakarsa: ƙafar allon Arduino Uno bolt 5 take bayarwa, kuma miliamfiya 20 aka ba da shawarar a ja daga gare ta. Umarni take bayarwa, ba ta ɗaukar famfo. Sai an sa mosfet a tsakani, wato ɗan makunnin da Arduino zai riƙa kunnawa yana kashewa da sauri don rage gudu, irin IRLZ44N da ke buɗewa sosai da bolt 5, ba IRF520 da ke cika kasuwa ba. Ko a hakan, da yawa daga ƙananan famfunan DC masu waya biyu suna da nasu lantarkin a ciki wanda ba ya son wutar da ake kunnawa ana kashewa da sauri, sun fi lafiya da a sauke musu ƙarfin wuta da ɗan allon LM2596. Kuma ku gwada abu ɗaya kafin ku amince: ku rage gudun, ku zare wuta, ku mayar. Famfo na iya ci gaba da juyi a ƙaramin ƙarfi amma ya kasa tashi da kansa daga tsaye, mu kuwa da NEPA ke ɗaukewa ta kawo tsakar dare ba mai farkawa ya taimaka masa.

Kafin ka tura wa kowa kuɗi, ka tambaye shi: na AC ne ko na DC? In ya ce "duka yana yi", an gama magana. Ka nemi ya kira ka ta bidiyo ya nuna wayar daga famfo har soket ba tare da yanke hoto ba, ya kuma buɗe murfin.

Wanda akwatin ke jone a gidansa yanzu, ya kashe soket ya zare filogi kafin ya taɓa ruwan. Ya fito da famfon ya duba ko ya kumbura, ko ya tsage, ko yana warin ƙuna. In akwai ɗaya daga ciki, a jefar da shi, ba ya gyaruwa. In filta ta kwana a tsaye, a ɗauraye soson da ruwan tankin, a canza wani kaso na ruwan, a rage abinci na 'yan kwanaki. Wanda ya riga ya tura kuɗi kuma ya ɗauki hoton hirar da rasit ɗin tun kafin a goge, ya kai ƙorafi bankinsa da wuri, sannan ya shigar da ƙara a hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC. A sanar da shugabannin zaurukan da aka ga tallar su cire ta, a kuma haɗa musu da hoton cikin akwatin don su gani da idonsu.