Sola ko forex: ga wanda zan ce ka ba lokacinka

Ɗan'uwa, ka tambayi wanda za ka zaɓa tsakanin koyon haɗa sola da kwas ɗin forex, wato cinikin kuɗin ƙasashen waje ta intanet; ni duka biyun na taɓa, ɗaya ne kuma ya saka min tuwo a kwano.

Na fara bin wani maigida mai haɗa sola a 2023, bayan an cire tallafin man fetur, lokacin da masu janareta suka soma kuka. Wata biyu ina ɗaukar tsani da riƙe waya. Ranar da na tambaye shi yaushe zan taɓa inbata, na'urar da ke mayar da wutar batir irin wadda kayan gida ke amfani da ita, sai ya miƙo min takarda da biro, ya ce in lissafa kayan wutar wani gida: fanka nawa, ƙwan fitila nawa, firji wat nawa yake ci, awa nawa ake kunna kowanne. Wallahi haushi na ji. Ashe nan sana'ar take. Batirin ruwa mai 200Ah (ma'aunin cajin da yake ɗauka) a kan bolt 12 yana riƙe wat 2,400 na awa guda, amma in kana son ya yi ƙarko, rabi kawai za ka ja. Wanda bai san haka ba shi ke ɗora wa batir ɗaya firji da dutsen guga, bayan wata shida mai gida ya kira shi macuci.

Aikin da na fara yi ni kaɗai na wata Hajiya ce mai sayar da ƙanƙara da zoɓo. Da wuta ta ɗauke a Arewa kwana da kwanaki a Oktoban 2024, firjinta kaɗai ke sanyi a layinsu. Mutum huɗu ta turo min daga baya, kuma har yau naman sallata ba ya wuce ni.

Forex kuwa, na biya kuɗin kwas, na kwana ina kallon kyandir ja da kore masu nuna hawa da saukar farashi a allo, jarin ya tafi. Hukumar kula da kasuwannin kuɗi ta Tarayyar Turai ta ce a 2018 kashi 74 zuwa 89 cikin 100 na ƙananan masu irin wannan ciniki asara suke yi. Malamin namu dai da kuɗin rajistarmu yake cefane.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da 'yan kasuwa. Akwai mai manna wa farantin sola takardar wat 300 alhali bai kai ba, don haka ka gwada shi da mitar auna wuta da tsakar rana kafin ka biya. Akwai tsohon batir da aka yi wa fenti. Akwai wayar alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe. Kankare ta da wuƙa, in ka ga fari a ciki ka ajiye musu abinsu. Haka kuma ka yi hattara da masu cewa za ka ƙware cikin kwana uku har da satifiket.

Ka ɗauki sola. Nemi maigidan da kullum yana kan rufin wani, ka bi shi. Kada ka ɓata watanninka na farko wajen gyaran cikin inbata, wannan na masu gyaran lantarki ne. Ka riƙe lissafin lodi, wato wutar da kayan gida ke ci, kaurin waya, da bambancin MPPT da PWM, iri biyu na kwantirola mai daidaita cajin batir daga faranti. Ka sayi mitarka tun makon farko, kuma duk wanda ka haɗa wa ka gaya masa ya riƙa wanke farantan da hunturu, don ƙura na rage wuta, in ba haka ba kai zai kira da tsakar dare.