Tsofaffin hotunan Japan: a ina ya fi dacewa ka zuba su a intanet?

Ni dai tun ranar da na ci karo da hotunan Felice Beato, Baturen nan mai ɗaukar hoto da ya sauka Yokohama ta Japan a 1863, na kamu da son tara tsofaffin hotunan Japan. Baƙi da fari ake ɗaukar su, sai mai zane ya bi da ɗan siririn buroshi ya shafa kala da hannu, ka ga ja a jikin kimono, wato rigar gargajiyar Japan, shuɗi a ruwa, wani lokacin ma kalar ta ɗan zarce gefen riga in ka zuƙo hoton sosai. To in ka tara irin waɗannan, ina za ka sa mutane su gani?

Facebook da Instagram sun fi jama'a, wannan ba musu, amma suna matse hoto, wancan aikin buroshin duk sai ya dushe, kuma da an yi ta turawa bayanin ya ɓace, hoto ya koma maraya. Don talla kawai suka dace.

Flickr ya fi su nesa ba kusa ba, yana ajiye hoto da girmansa, ka yi albam, ka rubuta shekara da sunan mai ɗauka. Kyauta hoto 1,000 ne iyaka, in ka wuce sai ka biya da dala.

Ni Wikimedia Commons nake zaɓa, wato rumbun hotunan da Wikipedia ke amfani da shi. Ba ko sisi, sai dai dole ka faɗi inda ka samo hoton da matsayin haƙƙin mallakarsa, kuma wallahi wannan takurawar ce amfaninsa, saboda hotunan nan akwai ruɗani a cikinsu. Wani mai ɗaukar hoto, Stillfried, ya sayi kayan shagon Beato a 1877, daga baya wani mai ɗaukar hoton kuma, Farsari, ya saye a 1885, kaga hoto ɗaya zai iya fitowa da sunan mutum biyu. Sannan da yawan samurai ɗin (mayaƙan Japan na da) da kake gani shiga kawai aka yi musu a situdiyo don 'yan yawon buɗe ido, tunda an hana yawo da takobi tun 1876. A Commons in ka yi kuskure wani zai zo ya gyara.

In kuma albam ne sukutum ka yi sikanin, har da bangonsa, Internet Archive, wani laburaren intanet, za ka kai shi. Kafin ka ɗora komai dai ka leƙa rumbun tsofaffin hotuna na laburaren Jami'ar Nagasaki ka gwada naka da nasu.