Hular ƙwan fitila ta kwarashi: abin da za ki saya da abin da za ki bari a shago

An shimfiɗa kafet, an rataya labule, an jera kujeru, amma ƙwan lantarki yana nan tsirara yana reto daga silin. Da an kunna wuta sai haske ya soki ido, kwalliyar ɗakin duk ta dushe. Hular da aka saƙa da kwarashi tana maganin wannan, tana tausasa hasken, ta kuma zana inuwar saƙarta a bango. Sai dai ta bambanta da duk wata saƙa da ke gidan. Hular jariri da shimfiɗar tebur ba sa kwana kusa da zafi, ita kuwa kullum tana manne da shi awa biyar ko shida. Shi ya sa sayayyarta ba daga zare take farawa ba. Daga ƙwai ake farawa, sai mariƙinsa, sai ƙarfen da zai ɗauki saƙar, zare ya zo a ƙarshe.

Ƙwai da mariƙinsa

Tsohon ƙwai mai ja, wanda ake hango siririyar waya a cikinsa, kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da yake ci zafi take zama. Gilashin mai wat 60 yana haura ma'aunin tafasar ruwa. Ba a haɗa shi da zare ko wane iri ne. Mai lanƙwasasshen farin bututu ya fi shi sauƙi, amma gindinsa yana ɗaukar zafi, ga tsawo da ke sa shi leƙowa ta ƙasan hula. Wanda ya dace shi ne LED. Mai wat 9 yana ba da haske kusan lumen 800, daidai da tsohon mai wat 60, kuma ya ishi falo matsakaici idan saƙar mai huji ce. Kada ki ce tunda LED ne bari ki ɗauko mai wat 30 ko 40. Gindinsa ma yana zafi, kuma manyan suna da faɗin da zai taɓa saƙar. Tsakanin wat 7 da 12 ki tsaya.

A jikin kwali za ki ga lamba da harafin K. Mai 2700K zuwa 3000K haskensa ruwan zuma ne, yana fito da kyan farin zare da ruwan madara da ruwan ƙasa. Mai 6500K, wanda ya fi yawa a shaguna, fari ne tas mai ɗan shuɗi, yana sa saƙa ta yi kamar an wanke ta ta koɗe. Akwai kuma abin da mutane ba su cika lura da shi ba: ƙwai mai gilashi garau shi ke jefa inuwar saƙa a bango da silin sarai, ido da ido. Mai farin murfi kamar madara yana narkar da inuwar, haske ya bazu lumus. Idan zanen bango kike so, garau ɗin za ki nema. Idan ɗakin karatu ne ko inda yara ke aikin makaranta, ɗauki mai madarar, domin inuwa mai ɗigo-ɗigo a kan takarda tana gajiyar da ido.

Ƙwai mai caji, wanda ke ci gaba da haske bayan an ɗauke wuta, yana da batir a gindinsa, ya fi nauyi, kuma batir ba ya son zafi. In shi za ki saka, hular ta zama mai faɗi, sama da ƙasa a buɗe. Ƙwan sola mai bolt 12 kuwa ba shi da matsala.

Yanzu ɗaga kai ki dubi mariƙin da ke ɗakin. Iri biyu ne a gidajenmu: na murɗawa, wato E27, da mai ƙusoshi biyu da ake turawa a juya, wato B22. Abin da ya shafe ki a nan shi ne zoben roba da ke murɗe a jikin mariƙin, domin shi ke danne hular. Hujin da E27 ke buƙata a jikin hular kusan milimita 40 ne, na B22 kuwa kusan milimita 28 zuwa 29. Wannan ɗan bambancin ya sa huluna da yawa sun ƙare a saman wadrob. In hujin ya yi girma akwai ƙaramin zobe da ake sakawa ya rage shi, in ya yi ƙanƙanta kuwa sai an koma wurin mai walda. Mariƙin da aka ɗaure kai tsaye a silin ko a bango ba ya karɓar hula mai reto, sai mai gyaran wuta ya sauya shi da mai waya. Ki ce ya sa mai maƙallin da ke damƙe wayar, don kada nauyi ya hau kan ƙusoshin da ke riƙe da jan ƙarfen. Ƙa'idar wayarin ta Ingila ta ba waya mai kaurin murabba'in milimita 0.75 damar ɗaukar kilo 3, hular zare kuwa da wuya ta kai kilo ɗaya, amma fa sai da wannan maƙallin.

Ƙarfe, itace, ko taurarawa

Hanya uku ake bi hula ta tsaya da siffarta. Mafi aminci ita ce ƙwarangwal na ƙarfe: zobe a sama, zobe a ƙasa, da 'yan sanduna uku da suka haɗu a tsakiya kan zoben da zai shiga mariƙi. Ana samun na kanti, kuma duk mai waldan da ya iya aikinsa zai yi miki shi da waya mai kaurin milimita 3. Ki kai masa mariƙin a hannu ya gwada hujin a gabanki. Ki duba abu biyu kafin ki biya: ki ajiye zoben a kan tayil ki ga ko ya kwanta daidai, sannan ki shafa wuraren waldar da yatsa, domin tsinin da ya rage yana yanke zare sannu a hankali. Baƙin ƙarfe yana tsatsa da damina, tsatsar kuma tana fitowa ja a jikin farin zare, ba ta wankuwa. A yi masa farin fenti shafi biyu, ko a naɗe shi da siririn ƙyallen auduga. Wayar alminiyom ba ta tsatsa amma tana da laushi, zobe mai faɗin santimita 30 zai lotsa da zarar saƙa ta ja shi.

Zoben itace ko na gora, irin wanda masu ɗinkin hannu ke ɗame yadi da shi, ba shi da nauyi kuma yana da kyau da zare ruwan ƙasa. Aibinsa ba shi da wurin kama mariƙi, sai an ɗaura masa igiyoyi uku ko huɗu, kuma in ɗaya ta fi sauran tsawo ko da rabin santimita ne, hular za ta karkace har abada.

Hanya ta uku ita ce a saƙa, a jiƙa da abin taurarawa, a ɗora kan balan-balan ko roba har ta bushe. Ita ce ke ba da siffar ƙwallo mai ban sha'awa, kuma ita ce ta fi yawan ba da kunya. Sitatin rogo yana tsayawa ƙyam da rani, amma da iska ta jiƙe a watan Agusta sai hular ta fara langaɓewa, ga kyankyaso yana son sitati. Ruwan sukari gayyatar tururuwa ne. Ƙaro yana taurara zare amma yana karyewa, kuma laima tana narkar da shi. Abin da ya fi riƙewa shi ne farin gam na kafintoci, a gauraya shi da ruwa rabi da rabi, a matse saƙar sosai, a lulluɓe balan-balan da leda kafin a ɗora, a bar ta kwana biyu a inuwa. In an cire da wuri, gefen da bai bushe ba zai lotsa. Ki sani kuma, wadda aka yi wa gam ba ta wankuwa, kuma a ƙasar da hunturu ke cika komai da ƙura wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ta kan ƙarfe kuwa, in aka ɗaure saƙar da zaren da za a iya warwarewa, sai a cire, a wanke, a mayar tana da ɗan danshi ta ɗame da kanta. Don wannan kaɗai ƙarfe ya fi.

Zaren da ya dace

Zaren da ya fi cika shaguna, mai laushi da launuka masu ɗaukar ido, wanda ake saƙa kayan jarirai da shi, yawanci akirilik ne, wato dangin roba. Yana da arha, yana da daɗin saƙa, amma ba nasa wurin ba ne nan. Zafi yana sa shi saki, nauyin kansa ya ja shi ƙasa, bayan 'yan watanni hular ta yi tsawo kamar safa. In kuma ya kama wuta narkewa yake yi yana ɗiga. Gashin da ke jikinsa kuma maganaɗisun ƙura ne. Nailan da poliyesta ma narkewa suke.

Auduga ita ce zaɓin farko. Ba ta miƙewa sosai, idon saƙa yana fita tsaf, tana shan gam in ana so, tana jure wanki. Ita ma tana ƙonewa, kada a yi zaton ba ta ci, shi ya sa ƙwai ya zo gaba da komai. A cikin audugar, mai sheƙi ta fi, domin an goge mata gashi, ba ta tara ƙura kamar mai ɓurɓushi. Siririn zare mai lamba 10 da kwarashin ƙarfe mai milimita 1.5 zuwa 1.75 yana ba da saƙa kamar leshi, kyakkyawa ƙwarai, amma aikin makonni ne. A wannan zaren, in lamba ta hau kauri raguwa yake, mai 20 ya fi mai 10 siranta. Matsakaicin zare da kwarashi mai milimita 3.5 zuwa 4 shi ya fi dacewa da mai farawa. Igiyar auduga mai kaurin milimita 3 tana tafiya da sauri da kwarashi mai milimita 6, tana tsayawa da kanta, sai dai tana da nauyi kuma tana tare haske.

Igiyar rama da makamantanta suna ba da kamannin kayan gargajiya, suna zama daram a ɗakin da ke da faifai da tabarmar kaba a bango. Suna da kaushi, suna cin yatsa, suna zubar da gashi, kuma ba sa son ruwa. Ulu na gaske, na gashin tunkiya, ba ya saurin kama wuta, amma yana da tsada, yana miƙewa, asu kuma yana cin sa.

Matsalar ita ce a kasuwa kusan kowane zare ulu ake kiransa, wani ƙunshin ma ba takarda a jikinsa. Gwajin ba wuya. Yanki ɗan guntu, riƙe da almakashi a kan faranti, kusanta shi da ashana. Auduga tana ci kamar takarda, ta bar toka mai laushi da ke murƙushewa. Akirilik yana tsukewa, ya narke, ya bar baƙin dunƙule mai tauri da warin roba. Ulu yana warin ƙonannen gashi.

Game da yawa: zobe mai faɗin santimita 25 kewayensa kusan santimita 78 ne. Hula mai wannan faɗin da tsawon santimita 20, da matsakaicin zare, ƙunshi biyu masu giram 50 sun isa in saƙar raga ce, uku zuwa huɗu in cunkusasshiya ce. Ki ƙara ɗaya, kuma ki saya duka rana ɗaya daga kwali ɗaya. Bambancin rini da ido ba ya gani da rana, da an kunna ƙwai a bayansa sai ya fito kamar ɗamara. Ƙulli ma haka, duk inda aka haɗa zare haske zai tona shi, don haka a haɗa a kan zobe. Launi mai duhu yana shanye haske, ja da kore kuma suna rina fuskar duk wanda ke ɗakin. In ana son launi, a sa shi a bakin hula ko a jikin tuntaye.

Saƙar kuma a yi ta ƙasa da kewayen ƙarfen da kusan kashi 10 cikin 100. Misali, in 'yar saƙar gwajin da kika yi ta nuna ido 18 a santimita 10, kewayen 78 zai ci kusan ido 140, sai ki yi wajen 126, ki ja ta hau. Wadda aka saƙa daidai wa daida da ƙarfe tana yin ciki ta zubo.

In gamammiya za ki saya

Hoton da ake tallata hula da shi a Instagram ko WhatsApp yawanci na waje ne. Nemi hoton cikinta, da wanda aka ɗauka ƙwai yana kunne. Tambayi irin zaren, faɗin hujin, da ko saƙar tana cirewa. Dubi saman: in an saƙe shi ruf har ya rungume mariƙi, bar ta, domin iska mai zafi sama take bi, in ba ta sami mafita ba sai ta dafa ƙwan ya mutu da wuri. Tsakanin ƙwai da zare a sami aƙalla santimita 5 ta kowane gefe, abin da ke nufin hula mai faɗi ƙasa da santimita 18 ta yi wa ƙwai na yau da kullum kaɗan. Tuntaye da geza su rataya daga zoben ƙasa, nesa da ƙwai.

Wurin ratayewa ma yana yanke hukunci kan girman da za ki saya. A inda ake wucewa, ƙasan hular ya kai mita 2.1 daga daɓe. A kan teburin cin abinci, santimita 75 zuwa 90 daga fuskar teburin. Ɗaki mai fankar silin yana bukatar tazara, domin iskar tana kaɗa hula mara nauyi, waya ta yi ta lanƙwasa a wuri ɗaya har ta gaji. Kicin da banɗaki a bar su, maiƙo da tururi suna lalata zare cikin 'yan watanni.

Ranar da za a rataya, a kashe wuta daga babban makunni kafin a taɓa mariƙi. Bayan an ɗaura, a kunna awa ɗaya, sannan a kashe a sa hannu a taɓa saƙar ta sama, kusa da gindin ƙwai. Ɗumi kaɗan ba laifi. In ta yi zafin da hannu ke janyewa, ko aka ji wani wari, a sauya ƙwan da mai ƙaramin wat kafin a sake kunnawa.