Gidan Gwanjon Dawaki na Tattersalls: Wasiƙa Daga Ingila

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kowa yana lafiya. Ka ce in ba ka labarin yadda ake cinikin dawaki a nan Ingila. To, maganar ba ta wuce gida ɗaya ba, wato Tattersalls da ke garin Newmarket, cibiyar sukuwar ƙasar.

Wanda ya kafa shi, Richard Tattersall, mai kula da dawakin wani basarake ne, Duke na Kingston. A 1766 ya buɗe wurin gwanjonsa a Hyde Park Corner, wadda a lokacin bakin birnin Landan ce. Dabararsa ita ce bai tsaya ga sayar da doki kawai ba, ya ware ɗakuna inda manyan masu sukuwa ke zama suna hira, sai wurin ya zame musu majalisa. A 1779 ya sayi wani ingarma mai suna Highflyer a kan fam 2,500, kuma 'ya'yan dokin nan suka yi masa arzikin da har ya raɗa wa gidansa sunan dokin. Da ya rasu a 1795 ɗansa Edmund ya gaje shi. Haka sana'ar ta yi ta gangarowa a cikin zuri'a, aka koma unguwar Knightsbridge a 1865 bayan wa'adin hayar filin farko ya cika, har zuwa kan Somerville Tattersall da ya rasu a 1942. Daga nan abokan hulɗa suka ci gaba da riƙo, daga baya gidan ya tare a Newmarket, amma ba wanda ya yi gigin taɓa sunan.

Ba su kaɗai ba ne tsofaffin gidajen gwanjo a Ingila. Sotheby's, da ya faro da gwanjon littattafai a 1744, rabonsa da ɗan gidan Sotheby tun 1861, kuma a 2019 attajiri Patrick Drahi ya saye shi. Christie's, gidan gwanjon zane-zane da kayan tarihi, tsaran Tattersalls a shekarar kafuwa, yana hannun iyalin Pinault na Faransa tun 1998. A cikin ukun, masu dawakin ne suka fi daɗewa da gadonsu.

Inda na fi ganin bambanci shi ne la'ada. A gidajen zane-zane da kayan tarihi, in aka buga maka guduma, kuɗin da ka taya ba shi ne ƙarshe ba. Tun 1975 suka shigo da wani kaso da mai saye ke ɗorawa a kai. Da kashi 10 cikin ɗari aka fara, yau kuwa a ƙananan kaya ya haura kashi 20, ga haraji. Duk wanda bai yi wannan lissafi ba kafin ya ɗaga hannu, zai ji a jikinsa. Su Tattersalls har gobe da gini suke kiran farashi, kuɗin da aka daina bugawa tun tuni. Gini ɗaya fam ɗaya ne da sule ɗaya, fam 1.05 ke nan a lissafin yanzu, kuma bisa al'ada sulen nan na sama shi ne rabon mai gwanjo. A ganina wannan ya fi adalci nesa ba kusa ba, ko da yake in goɗiya ta kai gini miliyan 6, kamar wata mai suna Marsha a 2017, sulen ma ba abin rainawa ba ne.

Sai hidimar da ake yi wa mai saye. Kafin ranar ciniki ana fitar da kundi mai ɗauke da asalin kowane doki, uwa da uba da kakanni da tseren da suka ci. Kana iya zuwa barga ka sa a fito da shi, a zagaya da shi a gabanka, ka kawo likitan dabbobinka ya duba ƙafafu da numfashi. Akwai ma aibobin da in aka ɓoye su, sharuɗɗan gidan sun ba ka damar mayar da dokin cikin wa'adin da aka ƙayyade. Mai doki kuma yana iya sa farashin da ba zai sallama ƙasa da shi ba, in tayi bai kai ba a mayar da abinsa barga.

Kallo kyauta ne, amma taya sai wanda ya yi rajista suka gamsu da aljihunsa. Babban gwanjon dukusai 'yan shekara ɗaya a watan Oktoba ake yinsa, nan ne attajiran Dubai da Katar da Ailan ke karawa. In Allah ya kawo ka a lokacin, sai mu hau jirgin ƙasa mu je tare.

A gaishe da Hajiya da yara.