Rumfar karaban mai famfo: sai da ta sha ruwan Keswick na san abin da na saya

Tun ranar da muka dawo nake son rubuta wannan sharhi, amma na bari sai da raina ya kwanta. Da a daren farko na rubuta, ko tauraro ɗaya ba zan ba ta ba.

Rumfa ce ta gefen karaban, ƙaramar nan da ke rufe ƙofa da ɗan abin da ke kusa da ita, irin wadda ake hura wa iska da famfo maimakon a haɗa sanduna. Faɗinta santimita 330, zurfinta 250. Ga 'yan uwa da ke gida waɗanda ba su saba ganin abin ba, karaban ɗaki ne mai taya da ake ɗaura wa mota a baya, akwai gado da kicin da bayi a ciki, kuma a nan Ingila da shi iyalai da yawa suke hutu. Namu tsoho ne, na hannu muka saya shekara biyu da suka wuce, kuma mu biyar ne. Duk wanda ya taɓa kwana da yara uku a cikin karaban ranar ruwa ya san dalilin sayen rumfa: takalma masu taɓo, rigunan ruwa a jiƙe, ga babu inda za a rataye su. Ni kuma babban dalilina salla ce. A cikin karaban mutum ɗaya ne zai iya shimfiɗa darduma, shi ma sai an naɗe teburi, kuma alƙibla ba kullum take bin tsawon ɗakin ba. Ina son wurin da zan ja iyalina jam'i ba tare da mun fita kan jiƙaƙƙiyar ciyawa ba.

A shago na saye ta, ido da ido, don ina ganin hakan ya fi a ba ni shawara. Saurayin da ya saurare ni tambaya ɗaya ya yi: daga ƙasa zuwa tsagin alminiyam ɗin da ake zura rumfa nawa ne? Na ce 244, na auna a ƙofar gida. Ya duba kwali ya ce tana ɗaukar daga 235 zuwa 250, don haka za ta shiga. Shi ke nan. Bai tambaye ni ina ƙofata take ba, bai tambaye ni ina tagogi suke ba, bai ce in auna inda tsagin yake miƙe kafin ya fara lanƙwasa ba. Wannan tambayar da bai yi ba ita ce ta cinye mana daren farko na hutunmu.

Ƙarshen watan Mayu ne, hutun yara na mako ɗaya. Muka tashi daga Bradford bayan azahar, muka bi A65 har muka hau M6, muka sauka a Penrith muka kama A66 zuwa Keswick, wanda mutanen wurin ke kira Kezik. Mai jan karaban ba ya wuce mil 60 a babbar hanya, 50 a ƙarama, don haka sai wajen ƙarfe shida muka isa sansanin, kusa da tafkin Derwentwater. Hadari ya riga ya haɗu a kan duwatsu. Yankin nan ba baƙon ruwa ba ne, ƙauyen Seathwaite da ake cewa ya fi ko'ina ruwan sama a Ingila yana nan cikin kwarin Borrowdale, 'yan mil kaɗan daga inda muka sauka. Na ce wa uwargida kafin ta gama dafa shayi rumfa ta tsaya, tunda a kwali an ce aikin 'yan mintoci ne.

Da farko dai igiyar da ke cikin kalmasar rumfar ta ƙi tafiya a tsagin. Ta shiga kamu biyu ta tsaya cak. Rumfar iska guda ɗaya ce a dunƙule, da rufi da bango da bututun iskar duk a haɗe, ta haura kilo 20, kuma duk nauyin nan a kan igiyar yake rataye yayin da kake ja. Ni ina ja a kan ɗan tsani, babban yarona yana turawa daga ƙasa, har hannunsa ya yi ja. Da ƙyar muka kai ta saman ƙofa. Nan na ga abin da ya tayar mini da hankali: gefenta na baya ya sauka daidai tsakiyar tagar ɗakin yara. Na ce to, bari in matsar da ita gaba ta bar tagar. Na matsar da ita kamar santimita 40, taga ta fita, na ji daɗi, na ɗauki famfo.

Ban lura ba ashe na tura kusurwar gaba ta hau inda tsagin ya fara gangarowa zuwa goshin karaban. Rumfa ta tashi, amma a karkace, gefe ɗaya na rufin a miƙe, ɗayan ya yi lumui kamar zanin da aka shanya a sakakkiyar igiya. Na ja nan, can ya saki. Na ja can, zif ɗin ƙofa ya ƙi haɗuwa. Sannan na zo kan turaku. Filin da aka ba mu na tsakuwa ne da aka daddanne, turakun da suka zo cikin jakar kuwa na roba ne da wasu sirara na waya, na ciyawa ke nan. Na roba biyu suka karye, na waya suka lanƙwashe tun bugun farko. Ana cikin haka ruwa ya sauko.

Maman Amira ta leƙo ta ce, "Abban Amira, ka bar ta haka, gobe ma rana ce." Ban ji ba, na ci gaba da fama har magariba, wadda a wannan lokacin na shekara sai kusan tara da rabi take yi. A cikin karaban muka yi salla ɗaya bayan ɗaya, rumfar da na saya don jam'i tana waje tana kaɗawa. Wajen ƙarfe biyu na dare na ji wani nishi daga bangon karaban. Na fito da tocila na tarar ruwa ya taru a sakakken gefen rufin, ya yi tumbi kamar salka, ya danne bututun iska har ya durƙusa. Na sa tafin hannu na tura daga ciki, ruwan ya kwararo ta gefe ya jiƙa takalman yara gaba ɗaya. Sau uku na tashi a daren nan. Wallahi da shagon yana kusa, da asuba zan kai musu kayansu.

Da safe wani dattijo da ke filin da ke kallon namu ya tako da kofin shayinsa. Mutumin Yorkshire ne, ya kai saba'in, rumfarsa ta sanduna ce, ƙirar kamfanin Isabella na ƙasar Denmark, a tsaye kyam kamar da bulo aka gina ta. Ya zagaya tawa sau ɗaya, ya ɗaga kai ya kalli tsagin, ya ce rumfar lafiyarta ƙalau, wurin zamanta ne ba daidai ba. Ya ce mu sauke ta mu faro daga farko, zai tsaya tare da ni. Allah ya saka wa bawan Allahn nan, abin da ya koya mini cikin awa ɗaya ya fi duk takardar da ke cikin jakar.

Ya fara da tsagin. Ya zura tsumma ya fito da baƙin datti da gansakuka na shekaru, ya nuna mini wani wuri da ya ɗan matse, ya buɗa shi a hankali, sannan ya fesa man silikon. Ya sa muka cire bangayen da ke fita da zif don nauyi ya ragu. Igiyar da ta wahalar da mu jiya sai ga ta tana sulalewa, yarona shi kaɗai ya ja ta. Da muka zo kan taga ya ce in haƙura da ita. Rumfar ƙofa dole ta rataya a miƙaƙƙen sashen tsagi daga kusurwa zuwa kusurwa, in ba haka ba rufi ba zai taɓa ɗamewa ba, kuma duk inda rufi ya saki nan ruwa zai kwana. Gara gefenta ya bi ta kan taga a bar tagar a rufe. Abin da ya gargaɗe ni kawai shi ne kada in tokare sandar baya, wadda ke manna matashin soson gefen rumfa da karaban, a jikin tagar, domin tagogin karaban ba gilashi ba ne, roba ce mai saurin karcewa, kuma a goge ƙura tsakanin matashin soson da tagar kafin su haɗu.

Ya kuma sa na sake auna tsayi. Filin yana da ɗan gangare, na ɗora tayar gefen ƙofa a kan matakala don karaban ya daidaita, ashe hakan ya ɗaga tsagin zuwa 249. Saura ƙiris ya fita daga abin da rumfar za ta iya ɗauka. Awon ƙofar gida daban, awon fili daban.

Sai tsarin kafa turaku, wanda a nan ne na gane jiya a baibai na yi komai. Kusurwoyin baya biyu ake fara kafewa, daidai ƙarƙashin inda rumfar ta ƙare a tsagi, a ɗan shigar da su ƙarƙashin karaban don bango ya manne. Sannan a hura iska zuwa awon da kamfani ya rubuta, ba a wuce shi, don rana in ta buɗe iskar ciki na ƙara ƙarfi. Sannan a mayar da bangaye a rufe kowane zif ruf kafin a taɓa turken gaba ko ɗaya. Ni jiya ƙofa a buɗe na kafe, shi ya sa ta ƙi rufuwa. A bakin kowane zif kuma a gicciye ake kafewa, igiyar hagu ta tafi dama, ta dama ta tafi hagu, don jan ya riƙa haɗa bakin zif ɗin maimakon ya yage shi. Ya ara mini turakunsa na ƙarfe masu kama da manyan ƙusoshi, da guduma ta gaske. Na ƙarshe muka ɗaure ɗamarar iska biyu daga saman gaba zuwa ƙasa. Da muka gama ya buga rufin da yatsa, ya yi ƙara kamar ganga.

Daga nan gaskiya rumfar ta burge ni, kuma ba zan ɓoye ba. Kwana biyar muka ƙara, uku daga ciki da ruwa, ɗaya da iska mai ƙarfi da ta taso daga tafkin. Ina kwance ina jin ta tana lanƙwasa tana komawa, babu sandar da za ta karye ko ta daki jikin karaban. Ɗinkin rufi ya ɗan yi ɗigo a wuri biyu a ruwan farko, dattijon ya ce haka sabon yadi yake sai zaren ya sha ruwa ya kumbura, kuma haka aka yi, bai sake ba. Darduma huɗu suka shiga da sarari. Asubar farko da na tsaya gaba, uwargida da yara a baya, ruwa na sauka a rufi mu kuwa a bushe, na ji kuɗina sun yi amfani. Raɓa tana taruwa a cikin rufin da safe, amma in aka bar ragar sama a buɗe da sauƙi. Girki kam a waje muka yi ta yi. Duk mai tunanin shigar da kaskon gawayi cikin rumfa don jin ɗumi, don Allah kada ya fara, hayaƙin da ba a gani ba a jin warinsa yana kashe mutane a tantuna.

To amma duk lokacin da na kalli tagar yara sai abin ya dawo mini sabo. Mako guda tana rufe, a ɗakin da yara uku ke kwana. Da na dawo gida na ɗauki tef na auna da kyau, na ga da mai faɗin 260 na saya, da ta zauna tsakanin tagar gaba da ta baya ba ta taɓa ko ɗaya ba, kuma ta fi arha. Tana nan a shagon, a gefen wadda aka sayar mini. Na koma na yi musu bayani cikin mutunci. Suka ce an riga an kafa ta, kuma ba ta da aibi. A doka suna da gaskiya: kwana 14 na fasa ciniki na wanda ya saya ta intanet ne, wanda ya je shago da ƙafarsa sai in kayan na da lahani. Amma ni shawara na je nema, don ita na ƙi saye ta waya. Mutumin da sana'arsa ke nan kullum ya san taga da lanƙwasar tsagi su ne matsalar rumfar ƙofa, ya sani sarai. Tambaya ɗaya ce, ba ta cin minti guda.

Haka maganar turaku. Filayen tsakuwa sun cika sansanonin ƙasar nan, musamman inda ruwa ya yi yawa, amma a sayar maka da rumfa mai wannan tsada da turakun da ba za su shiga tsakuwa ba. Sandunan baya da ke manna soso a jikin karaban su ma daban ake sayensu, labulen ƙasa mai tare iskar da ke bi ta ƙarƙashin karaban kuwa wanda ya zo gajere ne. Kafin ka gama haɗa abin da ya kamata a ce yana cikin jaka, ka sake zuba wasu kuɗin. Jakar ita ma abin haushi ce. Ranar dawowa a jiƙe muka naɗe rumfar, ta ƙi komawa ciki ko ta wane hali, sai a bayan mota muka shimfiɗa ta. A karaban ba zan sa ta ba ma, don kayan da aka yarda ka ɗora masa duka ba su fi kilo 150 da 'yan kai ba. Kwana biyu tana baje a falo da gareji kafin ta bushe, saboda in ka bar ta a naɗe da damshi fumfuna za ta ci ta.

Tauraro huɗu na ba rumfar, shagon kuma ɗaya. Na saya turakun ƙarfe talatin da gwangwanin silikon, na manna ɗan jan tef a jikin tsagin daidai inda kusurwar gaba za ta tsaya. A watan Agusta in Allah ya kai mu za mu Whitby, can bakin teku inda iska ta fi ta Keswick, kuma Amira ta riga ta ce wannan karon ita za ta kwana a gefen tagar da ke buɗuwa.