Wasiƙa daga Jamus: Auta, kar ku sayi babban kwalin nan tukuna

Assalamu alaikum Auta. Ya ƙarfin jikin Hajiya, ya karatu? Na ga hoton babban kwalin wasan kati na Dominion da ka turo, na kuma ji cewa kai da 'yan majalisarku ta Ƙofar Kaura za ku yi karo-karo in zo muku da shi da babbar sallah. Ku riƙe kuɗinku tukuna. Na san ba ka karɓar magana sai da dalili, to ga shi.

Wasan kansa ba ni da ta cewa a kansa, yana da daɗi. Wani Ba'amurke, Donald X. Vaccarino, shi ya ƙirƙiro shi, kamfanin Rio Grande Games ya fitar da shi a 2008, a 2009 kuma ya ci Spiel des Jahres, kyautar gwarzon wasa da Jamusawa ke bayarwa kowace shekara tun 1979. Mutanen nan sun riƙe wasan tebur da gaske. A birnin Essen duk watan Oktoba ana baje kolinsa na kwana huɗu, za ka ga dattijo da furfura ya jawo akwati mai taya ya cika shi da kwalayen wasa, ba mai kallonsa sau biyu.

Kowa na farawa da kati 10, bakwai na kuɗin tagulla, uku na gandu masu maki. Ka ɗebi biyar a hannu, ka sayi sabon kati daga waɗanda aka shimfiɗa tuli-tuli a tsakiya, ya shiga cikin naka, da haka har ka kai ga azurfa da zinariya. Abin da kowa ke hari shi ne katin lardi, kuɗinsa 8, makinsa 6. In lardin ya ƙare, ko tuli uku suka ƙare, wasa ya tashi, a ƙirga maki. Wajen rabin awa ake yi, kuma lissafi ya fi sa'a tasiri a ciki.

Yanzu ga maganar kwalin. Hoton na sa mutum ya ɗauka an tattara masa komai wuri guda, alhali abu biyu ne kawai a ciki: uwar wasan, da ƙarinta na farko mai suna Intrigue, a bugu na biyu na 2016, sai 'yan katunan da za su ba mutum biyar ko shida damar zama. Ƙare-ƙaren da aka fitar wa wasan nan zuwa yau sun haura 15. Wanda ya saya don a ce ya mallaki Dominion gaba ɗaya, ko hanya bai ɗauka ba. Gaskiya ne ya fi araha a kan ka sayi biyun daban-daban, amma arahar tana ga wanda ya riga ya san yana son biyun. Uwar wasan kaɗai kati 500 ce, da nau'i 26 da ake zaɓar 10 a kowane zama. Ka buga a kalkuleta, hanyoyin zaɓen sun wuce miliyan 5. Yaushe za ku gama da wannan har ku nemi ƙari?

Abin da ya fi damuna shi ne yadda kati ke rayuwa a wurinmu. Ka tuna wot ɗin gidanmu. Asalinsa ma na Ingila ne, wani William Henry Storey ya fito da shi a 1935, kamfanin Waddingtons ya ci gaba da buga shi, Turawan suka manta da shi, mu muka riƙe. Kati 54 ne, yana shiga aljihun kaftani. In tauraro ɗaya ya ɓace ba wanda zai fasa wasa, in ya yi laushi ya koɗe a aiki yaro shagon bakin layi ya sayo sabo. Dominion ba ya yafe irin wannan. Lardi 12 ake sawa in ku uku ne ko huɗu, 8 in ku biyu ne. Ɗaya ya faɗa bayan benci, lissafin wasan ya canza. Ga shi kowane ɗan wasa yana ta cakuɗa katinsa tun daga farko har ƙarshe. Haɗa wannan da ƙurar hunturu, da hannun da ya taɓa man tsire, da kofin shayin da ake ajiyewa a kan tabarma. Da zarar bayan katin zinariya ya yi tabo, kowa ya gane shi tun kafin a buɗe. Nan suna sa wa kowane kati rigar leda, ana sayar da ita ƙunshi-ƙunshi, to kati sama da 800 fa? Wani kuɗin ne zaune, ga nauyi, ni kuma kilo 23 jirgi ke ba ni a jaka, rabinta kuma saƙon Hajiya ne da na su Yaya.

Sai harshe. Kowane kati da rubutun abin da yake yi a jikinsa. Wanda ke kan kanta a shagunan nan na Jamusanci ne, na Turanci sai an yi oda. Kai da abokan karatunka na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ba matsala, amma telan nan da mai gyaran wayar da kuke zama da su fa? Su ne suke lallasa ku a wot. In ka shimfiɗa abin da sai ka fassara musu layi-layi, zama biyu za su yi su koma wajen dara.

Bari in faɗa maka abin da ke sa Bajamushe ya sayi irin wannan kwali hankali kwance. Kafin ya saya ya riga ya gwada. Ɗakin karatu na garin da nake yana ba da aron wasanni kamar yadda yake ba da littafi, ka tafi da shi gida na makonni, in ka dawo da shi a duba ko kayan sun cika. Akwai gidajen shan gahawa da bangonsu duk kwalayen wasa ne, ka biya ɗan abin zama ka ɗauki wanda ka ga dama. In ta intanet ya saya, doka ta ba shi kwana 14 ya mayar ba tare da ya faɗi dalili ba. In ya gaji da shi, ya kai kasuwar gwanjo ta ƙarshen mako ya maido wani abu daga kuɗinsa. Kai kuwa in kwalin ya sauka Katsina, ya zauna ke nan. Wa za ka kai wa a babbar kasuwa ya saya? Ta wani gefen kuma kun fi su, don ku kuna da mutane. Nan sai an duba kalanda a sa rana, mako biyu ko uku gaba, kafin mutum huɗu su haɗu a tebur ɗaya. Na shiga gidan wani abokin aikina na ga kwalaye jere har rufi, wasu ko ledarsu ba a yage ba.

Akwai kuma abin da hoton bai nuna maka ba. Cikin katunan akwai na mayya mai raba wa mutane katin la'ana, akwai na ƙaramar majami'a. Ba dole a sa su ba, tunda 10 ake zaɓa cikin 26, sai a bar su a kwali. Amma ka san Baba, ko ina ya ga kati caca ce ke fara zuwa masa a rai, balle ya ga hoton mayya. Wasan ba ruwansa da kuɗin gaske, sai dai gara ka yi masa bayani da bakinka kafin wani ya riga ka kai labari.

Ga shawarar da na yanke. Uwar wasan kyauta ce a manhajar waya da shafinsu na intanet, ku sauke ku buga daga nan zuwa azumi, data kaɗan take ci. In har lokacin mutum huɗu cikinku ba su gaji ba, ka sanar da ni da wuri in nemo muku uwar kaɗai, ta Turanci, ta hannu, da rigunan ledarta, ni zan biya. Kuɗin karo-karon ku sayi fitila mai caji da tabarma mai faɗi, don tuli 17 ake shimfiɗawa a tsakiya, bencin majalisarku ba zai ɗauka ba.

Ka gaishe min da Hajiya da Baba da su Yaya, ka ce wa Inna maganin ƙafarta yana cikin lissafi.