Sharhi: Na'urar auna sukari ta damtse, ga wanda ƙiba ke dawo masa bayan tiyatar rage tumbi

Masu tiyatar rage tumbi da suka kai shekara uku zuwa biyar, ko a nan Legas aka yi musu ko a Indiya, Masar ko Turkiyya, ƙorafinsu kusan ɗaya ne: sikeli ya fara hawa, kwaɗayin zaƙi kuma ya dawo har ya fi na da. 'Yan'uwa su ce rashin haƙuri ne, shi ma mai abin ya yarda, ya shiga zargin kansa. Na yi amfani da na'urar nan da ake mannawa a bayan damtse tana auna sukari dare da rana, kuma a ganina duk mai wannan ƙorafi ya dace ya ɗaura ta ko da sau ɗaya. Ba ta rage ko kilo ɗaya da kanta. Aikinta shi ne ta nuna wa mutum ƙuru-ƙuru inda kwaɗayin ke tasowa, kuma sau da yawa daga faɗuwar sukarin jini ne.

Sai an fahimci abin da tiyatar ta canza kafin a ga amfanin na'urar. A tiyatar silib ana yanke kusan kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na tumbi, har da ɓangaren da ya fi samar da girelin, sinadarin da ke sa jin yunwa. A ta baifas kuwa ana barin ɗan aljihu a saman tumbi, a haɗa shi kai tsaye da ƙaramin hanji. Duka biyun suna sa abinci ya isa hanji da sauri, amma na baifas ya fi. Idan abin da ya sauka mai zaƙi ne ko gari mai laushi, sai sukarin jini ya haura cikin rabin awa zuwa awa guda, hanji ya saki wani sinadari mai suna GLP-1 da yawa, jiki ya amsa da insulin, sinadarin da ke sauke sukarin jini, fiye da kima. Bayan awa ɗaya zuwa uku sai sukarin ya rikito ƙasa. Mutum ya ji hannu na rawa, gumi mai sanyi, zuciya na bugawa, kai ya yi dum, ga wata muguwar yunwa da babu abin da take nema sai zaƙi. Ya sha lemo, ya ji daɗi, abin ya sake zagayowa. Wannan matsala ba ta cika bayyana a watannin farko ba, galibi sai an wuce shekara, lokacin da nauyi ya gama sauka, wanda yawanci tsakanin wata 12 zuwa 24 ne. Shi ya sa mutane ba sa danganta ta da tiyatar.

Ita na'urar ɗan faifai ce mai faɗin kwabo, da wani siririn zare da ke shiga ƙarƙashin fata. Sunayen da aka fi ji su ne FreeStyle Libre na kamfanin Abbott da kuma Dexcom, amma abin da zan faɗa ya shafi nau'in gaba ɗaya. Faifai ɗaya yana aiki kwana 10 zuwa 15 gwargwadon samfuri, kuma yana buƙatar ɗan lokacin ɗumi kafin ya fara ba da lamba, a wasu rabin awa, a wasu awa ɗaya ko biyu. Ana karantawa da waya ko da ƙaramin mita nasa. Sawa ba ta da wani zafi, ba ta kai tsinin yatsa ba. Da yake sama da gwiwar hannu take, ba ta shiga hurumin alwala. Batun wankan tsarki kuwa a tambayi malami. A kula da ma'auni, domin asibitocinmu suna amfani da guda biyu: 70 a miligiram shi ne 3.9 a milimol, ana raba na farko da 18 ne. Ƙasa da 70 sukari ya yi ƙasa, ƙasa da 54 kuma magana ce ta likita.

Kuskuren da aka fi yi shi ne mutum ya ɗaura ta ya koma cin abincin kirki nan take don ya ga layi mai kyau a zanen hawa da saukar sukari da waya ke nunawa. An yi asarar kuɗi ke nan. Kwana huɗu ko biyar na farko a ci yadda aka saba, a sha abin da aka saba sha, amma a rubuta lokaci, da abin da aka ci, da lokacin da kwaɗayin ya taso. Wannan na ƙarshen ya fi komai muhimmanci. In aka jera takardar da zanen da waya ta fitar, a nan ake ganin ko kwaɗayin ƙarfe goma sha ɗaya na safe yana zuwa ne daidai gangarar da ta biyo bayan karin kumallon ƙarfe takwas da rabi.

Kuma karin kumallonmu na Legas kamar an tsara shi ne don haifar da wannan gangara. A dubi teburin mai shayi a Agege ko Idi-Araba: kofi cike da madarar gwangwani da Milo da sukari, ga yankan burodin Agege mai laushi ana tsomawa. Ruwa da gari mai laushi da sukari a lokaci guda, babu abin da zai tsayar da su a ɗan aljihun tumbi. Haka koko da sukari, kunun zaƙi, zoɓon roba, furar da aka dama da sukari, da garin kwaki da aka jiƙa. Sai kuma cunkoso. Wanda ya maƙale a gadar Third Mainland ko hanyar Mile 12 da yamma, masu talla na zagaya mota da lemo mai sanyi da maltina da biskit, ga sukarinsa yana gangarowa, ba ƙaramin namiji ba ne zai kau da kai. Lemon kwalba na yau da kullum yana ɗauke da wajen giram 10 na sukari a kowane mililita 100, wato robar 50cl ta kai cokalin shayi goma sha biyu ko fiye. Ruwa ne, don haka tumbin da aka rage ba ya jin ya ci komai.

Sauran kwanakin na gwaji ne, abu ɗaya a lokaci guda. A ɗauki karin kumallon nan a juya shi: ƙwai biyu dafaffu ko alale a fara da su, burodi ya koma yanka ɗaya siriri a ƙarshe, shayi babu sukari kuma sai bayan minti 30 da gama ci. A kwatanta zanen da na jiya. Ƙa'idar da masu kula da abincin irin waɗannan marasa lafiya ke bi ita ce kada sitaci da sukari su wuce giram 30 a cin abinci ɗaya, giram 15 a ɗan abin taɓawa, a raba ci zuwa ƙanana biyar ko shida, furotin kuma kada ya gaza giram 60 a rana. Ƙwai ɗaya yana ba da kusan giram 6, don haka sai an haɗa da kifi, kaza, wake, awara ko kindirmo marar sukari. Tuwo da shinkafa ba a haramta su ba. Loma uku ko huɗu bayan an ci nama da miyar ganye dabam suke da malmala guda da aka kora da ruwa. Wake da doya ko ɗanwake da ƙwai sukan ba da layi mai sauƙi fiye da farar shinkafa zalla, amma jiki ya bambanta, kuma gane naka shi ne abin da ka biya kuɗi dominsa. Tafiyar minti goma zuwa sha biyar bayan cin abinci ma ana ganin tasirinta a zanen.

Yanzu ga inda na'urar ke da rauni, kuma dole a san shi. Ba jini take aunawa ba, ruwan da ke tsakanin ƙwayoyin jiki ne, wanda ke bin bayan jini da 'yan mintuna. Ga mai tiyata, wanda sukarinsa ke hawa da sauka da gudu, wannan tazara takan sa lambar waya ta saɓa da ta yatsa. Ranar farko ba ta cika daidaita ba, kuma a ƙananan lambobi ne ta fi kuskure. Idan aka kwanta a kan hannun da take, takan nuna sukari ya faɗi da tsakar dare alhali matsi ne kawai. Saboda haka mitar tsinin yatsa ba ta yi ritaya ba: duk lambar da ta yi ƙasa, ko wadda ba ta dace da yadda jiki ke ji ba, a tabbatar da ita da ɗigon jini. Wasu samfuran kuma bitamin C mai yawa yana sa su nuna lamba sama da gaskiya, kuma masu tiyata suna shan ƙwayoyin bitamin kullum, don haka a karanta takardar cikin kwali.

Sai zafi da gumin Legas, waɗanda ke cin gam ɗin. A manna da dare bayan wanka, a goge wurin da sifirit, a bari ya bushe sarai, kada a shafa mai. A ɗora filasta mai faɗi a kai, domin gogayyar shiga danfo ko ƙofar BRT tana iya fizge faifan, kuma in ya fita ba ya komawa. Kafin a biya a duba ranar lalacewa, a duba yadda shagon ke ajiye kaya, tunda ba a son faifan ya zauna cikin zafi. A tabbatar wayar tana cikin waɗanda manhajar ke karɓa, kuma faifan da aka sayo daga wata ƙasa zai yi aiki da manhajar da ke kan wayar, domin wasu a kulle suke da yankin da aka sayar da su. Kaya ne na shigowa, farashinsa na bin dala. Ban ga dalilin da wanda ba shi da ciwon sukari zai riƙa saye duk wata ba. Faifai ɗaya na bincike, wani bayan 'yan watanni don a ga ko gyaran ya kama, ya wadatar ga yawancin mutane.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda layi miƙaƙƙe ke ruɗar mutane. Na'urar ba ta ganin maiƙo. Tsire da kitse, soyayyen kifi, gyaɗa kwalba guda, ƙuli-ƙuli ana tauna tun safe har dare, duk ba za su ɗaga zanen sosai ba, amma sikeli zai ci gaba da hawa. Tsince-tsincen nan na yini guda yana cikin manyan dalilan dawowar ƙiba, tare da ƙarancin barci, zama wuri ɗaya, da cin abinci don huce damuwa. Ƙarancin sinadarin ƙarfe ko bitamin B12 ma yana kawo kasalar da mutum zai ɗauka yunwa ce, shi ya sa gwajin jini na shekara-shekara bai kamata a bar shi ba. Wanda ya ga kwaɗayinsa na zuwa alhali sukarinsa na zaune daidai, to matsalarsa ta wani wuri ce, kuma ganin likitan ƙwaƙwalwa ko mai ba da shawara ba abin kunya ba ne.

Idan sukari ya faɗi da gaske, kada a ɗaga robar lemo a shanye, sabon zagaye za a buɗe. Giram 10 zuwa 15 ya isa, wato wajen cokalin shayi uku na sukari ko garin gulukos a ɗan ruwa, a sake aunawa bayan minti 15, sannan a bi da ƙwai ko 'yar gyaɗa. Mai tuƙi ya faka tukuna. Wanda likita ya ɗora a kan maganin akabos, wanda ke rage saurin narkewar sitaci, gulukos zalla zai sha, domin maganin yana tsayar da sukarin shayi ma. Faɗuwar da ke zuwa da asuba ko bayan dogon lokaci ba a ci komai ba kuwa ba irin ta tiyata ba ce, tana buƙatar bincike dabam.

A kai wa likita zanen da takardar abinci tare. Asibitocin koyarwa irin su LUTH da ke Idi-Araba da LASUTH da ke Ikeja suna da likitocin sukari da masana abinci. Su za su yanke ko a leƙa tumbi da kyamara a ga ko aljihun ko mahaɗar ta buɗe, ko a duba magungunan da mutum ke sha masu ƙara ƙiba, ko a fara allurar da ke rage yunwa da ƙiba irin su Ozempic da Mounjaro. Waɗannan allurai kada a saye su a hannun masu talla a Instagram. A watan Yunin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi kan jabun Ozempic da aka gano a Birazil, Birtaniya da Amurka. Mai niyyar azumi kuma ya fi kyau ya ɗaura faifan a farkon Ramadan da sanin likitansa, domin buɗa baki da dabino da yawa, kunu da zoɓo a kan tumbin da ya yini babu komai shi ne ke jefa wasu cikin jiri a sahun tarawihi. Dabino ɗaya da ruwa, a yi sallar magariba, sannan a fara da ƙwai ko farfesu.